Ficewar Nijar daga CEDEAO: me ya yanke, me ya rage tsakanin Maraɗi da Katsina?

Tun ranar da aka ce Nijar ta fita daga CEDEAO, tambaya guda ce ke yawo a kasuwa da tasha da fadar shayi a Maraɗi: in da gaske mun fita, me ya sa har yanzu mota ke lodi zuwa Jibiya da Katsina da Kano, ba wanda ya ce a kawo biza? In kuma babu abin da ya canza, hayaniyar ta mece ce? Wani zai ce maka an tsinke igiyar da Faransa ke jan mu da ita. Na kusa da shi ya ce an toshe wa ƴan kasuwa hanyar abinci. Gardamar takan yi zafi ne saboda ana cuɗa abubuwa uku wuri guda: ficewar kanta, da alkawuran da suka rage a wuyan ƙasa bayan ta fita, da abin da ke faruwa a shingen Ɗan Isa kowace safiya. Kowanne kuwa hukuncinsa daban.

## Me aka fita daga cikinsa?

CEDEAO, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen yammacin Afirka wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira ECOWAS, an kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, kuma Nijar na cikin waɗanda suka sa hannu tun ranar farko, zamanin Seyni Kountché. An sake rubuta yarjejeniyar a Kwatano a 1993. Jama'a sun fi sanin ƙungiyar da taron shugabanni da takunkumi, amma abin da ya taɓa rayuwar talaka yana cikin ƙananan yarjejeniyoyin da aka yi ta rataya mata daga baya.

Ta 1979 ce ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasar ba biza ya zauna har kwana 90, daga baya aka ƙara haƙƙin zama da na kafa sana'a. Akwai tsarin sassauta ciniki, wanda ya ce amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu na yankin su ƙetare iyaka ba kuɗin duwan, kayan masana'anta kuma sai an yi musu rajista sun samu takardar shaidar asali. Akwai kuɗin fito na bai-ɗaya da ya fara aiki a Janairu 2015, mai hawa biyar (0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari) a kan kayan da suka fito daga wajen yankin. Akwai katin inshorar mota da direbobi ke kira kart burun, wanda ke sa in direban Maraɗi ya yi haɗari a Zariya a san wanda zai biya. Ga takardar ƙetare iyaka da garke ta 1998, wadda makiyayin Dakoro ke bukata in zai gangara kudu da rani. Sai kotun ƙungiyar da ke Abuja. Duk waɗannan a jikin zama mamba suke rataye.

## Yadda aka kai ga sallama

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Kwana huɗu bayan haka shugabannin CEDEAO suka zauna a Abuja ƙarƙashin Bola Tinubu, suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, suka ƙulle dukiyar gwamnati da ke bankunan yankin, suka ba da mako guda a mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta yanke wuta, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga can yake zuwa. Mu nan da Damagaram layin Katsina zuwa Gazawa ne ke ba mu wuta, ba sai an tuna wa kowa duhun wancan Agusta ba, balle tsadar magani da shinkafa.

A ganina, babu abin da ya tara wa sojoji jama'a kamar wannan takunkumi da barazanar yaƙi. Ko a ɗaya ɓangaren iyakar, sanatocin arewa da sarakuna da malamai ne suka fara cewa ba za a yaƙi dangi ba, har ayarin malamai ya zo Yamai. Ranar 16 ga Satumba 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. Ranar 28 ga Janairu 2024 suka sanar da ficewa daga CEDEAO, suka ce nan take. Ƙungiyar ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, aka buɗe iyakar Najeriya a cikin Maris, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ranar 6 ga Yuli 2024 aka mayar da AES tarayya a taron Yamai. Shiga tsakanin shugabannin Senegal da Togo bai sauya komai ba. Daga 29 ga Janairu 2025, ƙasashe 15 suka koma 12.

## Nan take ko bayan shekara: gardamar sashe na 91

Nan ne lauyoyi suka yi ta kai ruwa rana. Sashe na 91 na yarjejeniyar Kwatano gajere ne, abu biyu ya ce. Ƙasar da ke son fita za ta ba da sanarwa a rubuce, ficewar kuma ba ta tabbata sai bayan shekara guda. A cikin wannan shekarar wajibi ne ta ci gaba da cika duk abin da yarjejeniyar ta ɗora mata. Nijar ta sa hannu a kan wannan da kanta, ba wanda ya tilasta mata.

To me ya sa ƙasashen uku suka ce wa'adin bai hau kansu ba? Hujjarsu, wadda Mali ta fi fitowa da ita a rubuce, ita ce ƙungiyar ce ta fara karya dokarta. Kuma hujjar ba ta iska ba ce. Yarjejeniyar 2001 kan dimokuraɗiyya da mulki na gari, a sashe na 45, ta lissafa hukuncin ƙasar da aka yi juyin mulki a cikinta: a ƙi goyon bayan ƴan takararta a ƙungiyoyin duniya, a ƙi yin taron ƙungiya a ƙasarta, a dakatar da ita daga zaman yanke shawara. Ba a ambaci rufe iyaka ba, ba a ambaci yanke wuta ba. Ga kuma dokar duniya da ta amince cewa ƙasar da ba ta da teku tana da haƙƙin bi ta ƙasar maƙwabta zuwa tashar jirgin ruwa. Yarjejeniyar Viyana ta 1969, wadda ita ce uwar dokokin yarjejeniya tsakanin ƙasashe, a sashe na 60 ta yarda cewa in ɗaya ɓangare ya yi babban saɓa alkawari, wanda aka cuta na iya dakatar da nasa.

CEDEAO ta amsa da cewa tana da wata doka ta ƙari ta 2012 da ta faɗaɗa mata ikon hukunci, kuma wanda ya kifar da zaɓaɓɓen shugaba shi ne ya fara taka doka. Ta ƙara da cewa ita Viyanar ba ta ba kowa damar yanke wa kansa hukunci ya tashi ba, akwai matakan sanarwa da jira da sasantawa da ake bi. Da gwamnatin soja ta kai ƙara kotun ƙungiyar tana neman a ɗage takunkumi, a Disamba 2023 kotun ta ƙi, bisa cewa ba gwamnatin da ƙungiyar ta amince da ita ba ce. A cikin watan dai ta ba da umarnin a saki Bazoum, Yamai kuma ba ta bi ba. Kowa ya ɗauki kotun a inda ta yi masa daɗi.

In aka bi rubutu, CEDEAO ce ke da gaskiya kan wa'adin shekara. In aka koma kan takunkumi, ƙafarta ba ta tsaya da kyau ba. A aikace kuwa lokaci ne ya raba gardamar: shekarar ta cika, kowa ya ƙirga ta yadda ya ga dama. Ƙungiyar ta ƙara wata shida, zuwa 29 ga Yuli 2025, ko za a sake tunani. AES ta ce ba ta nema ba.

## Abin da fita ba ta gogewa

Mutane da yawa sun ɗauka ficewa na nufin an yafe komai. Wanda ya kwashi adashe ba ya cewa ya fita ya daina zubi. Sashe na 70 na Viyana haka ya ce: fita na sauke nauyin abin da ke gaba, amma ba ta taɓa haƙƙi ko bashin da ya riga ya tabbata. Rancen da aka karɓa daga bankin zuba jari na CEDEAO da ke Lome yana nan sai an biya. Kuɗin ƙungiya da aka karɓa a duwan ba a miƙa ba, in akwai, shi ma lissafi ne. Haka hannun jarin da Nijar ke da shi a wannan banki, da haƙƙin ƴan Nijar da suka yi shekaru suna aiki a ofisoshin ƙungiyar, da makomar hukumomin da aka kafa a ƙasashen uku, irin hukumar lafiya da aka kafa a Bobo-Dioulasso. Lissafin na tafiya ta ɓangare biyu.

Irin wannan lissafi ba ya sauri. Birtaniya ta yi ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai a Yuni 2016, ba ta fita ba sai 31 ga Janairu 2020, kuma sai da ta amince ta biya biliyoyin fam na alkawuran baya. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Muritaniya: ta ba da sanarwa a ƙarshen 1999, ta fita a ƙarshen 2000, sannan a 2017 ta dawo ta sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da CEDEAO don ciniki, ba tare da ta koma mamba ba. Wato akwai matsayi tsakanin ciki da waje, amma sai an zauna an rubuta shi.

Akwai asara guda da ba a cika maganarta a fada ba, ita ce kotu. A can ne Hadijatou Mani ta yi nasara a kan gwamnatin Nijar a 2008 kan bautar da aka yi da ita, hukuncin da ya girgiza al'adar wahaya. A can ne aka ce tsare Mamadou Tandja bayan juyin mulkin 2010 ya saɓa doka. Kotu ce da talaka ke iya kai gwamnatinsa kai tsaye ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba. Wannan ƙofa ta rufe ga ɗan Nijar, kuma ba ruwanta da ko mai mulki soja ne ko farar hula.

## Inda Maraɗi ta bambanta da Yamai

Wannan ne gefen da ya kamata mu fi kowa fahimta. Nijar ta fita daga CEDEAO amma ba ta fita daga UEMOA ba, ƙungiyar ƙasashe takwas masu kuɗin sefa: Benin, Burkina Faso, Côte d'Ivoire, Gine Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo. Ita ma tana da dokar zirga-zirgar mutane da kaya ba shinge. Saboda haka ɗan kasuwar Yamai da ke sauke kwantena a Lome ko Abijan yana da wata doka da ke kare shi ko babu CEDEAO. Sefar aljihunsa ma tana nan yadda take, ɗaure da yuro a kan kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya, babban bankinta a Dakar. Mai cewa mun gama rabuwa da tsarin Faransa ya duba takardar jika da ke hannunsa.

Najeriya ba ta cikin UEMOA. Gana ma haka. Mu kuwa kasuwarmu kudu take kallo. Daga nan zuwa iyaka tafiyar kilomita hamsin ce ko ƙasa da haka, zuwa Yamai sama da ɗari shida. Waken da manomin Madarumfa ya noma, da aya, da riɗi, da ragon layya, da albasar Galmi da ke ratsowa, mafi yawansu Jibiya da Katsina da Dawanau suka nufa. Masara da dawa a shekarar da damina ta gaza, da taki, da robobi, da atamfa, da kayan gyaran babur, daga can suke hawowa. Babbar dokar da ta haɗa wannan ciniki da Najeriya, wadda ke da kotu a bayanta, ita ce CEDEAO.

To me ke riƙe da hanyar yanzu? Sanarwa biyu. A tsakiyar Disamba 2024 shugabannin AES suka ce ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shiga da zama da sana'a ba biza, amma kowace ƙasa na da ikon hana wanda ba ta so. Ranar 29 ga Janairu 2025 shugaban hukumar CEDEAO, Omar Alieu Touray, ya ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarin ƙungiya, a bar kayan ƙasashen uku cikin tsarin sassauci, a bar mutanensu su yi zirga-zirga, har sai an ba da wata sanarwar. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce duk maganar. Da, haƙƙi ne da ke rubuce a yarjejeniya. Yanzu alfarma ce da kowane ɓangare ke iya janyewa da takarda ɗaya, ba wanda zai ce an karya doka. An zauna a Bamako a Mayu 2025 tsakanin Touray da ministocin harkokin wajen AES, aka amince a kare walwalar jama'a, amma wa'adin Yuli ya cika ba a sa hannu kan yarjejeniyar rabuwa ba.

## Masu cewa takardar ba ta taɓa tsare kowa ba

Tsofaffin ƴan kasuwa na da amsa a kan wannan, kuma amsa ce mai nauyi. A 1983 Najeriya ta kori baƙi, har da ƴan Nijar, shekara huɗu kacal bayan yarjejeniyar zirga-zirga. A 1984 Janar Buhari ya rufe iyaka har zuwa 1986, ta haɗu da fari, shi ya sa dattawa ke kiran yunwar wancan lokaci da sunansa. A Agusta 2019 ya sake rufewa saboda shinkafar waje da ke shiga ta fasa-ƙwauri, ya kuma hana kai mai gidajen man da ke kusa da iyaka. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, Jibiya kuwa sai Afrilu 2022. Duk wannan muna cikin ƙungiya ɗaya. Direban da ya taɓa ɗauko buhunan wake daga Maraɗi zuwa Kano zai ƙirga maka shingaye, kowanne da abin da ake miƙawa ta taga, ba wanda ya taɓa tambayarsa sashe na nawa.

Gaskiya ne. Iyaka ce mai tsawon kusan kilomita 1,500 da ta ratsa tsakiyar Katsina da Gobir, ta raba gida ɗaya biyu. Babur ɗin kabu-kabu mai buhu uku a baya ba ya bin shinge, kuma ba biza ce za ta hana mutumin Ɗan Isa zuwa jana'izar kawunsa a Magama ba. Amma a lura da wanda ke biyan kuɗin rashin doka. In an rufe hanya, kaya ba sa daina wucewa, tsada suke yi. A sauke tirela, a raba kaya a kan babura, a bi daji da dare inda ƴan bindiga ke jira, a sake lodi a ɗaya gefen. Babban alhaji na da jarin da zai jure wannan, har ya ci riba a ciki. Matar da ke auna tiya biyu ta gero ita ke biya. Kuma yarjejeniya, ko da ana taka ta, tana ba ƙaramar ƙasa bakin magana: a 2019 Nijar da Benin na iya cewa Najeriya ta saɓa alkawari. In aka sake rufewa gobe, da wace takarda za a yi ƙorafi?

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen rufe ƙofa. A Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina in ba Mali da Burkina ba, a 2025 ta hana fitar da dabbobi gabanin babbar salla. Mai saye a gari ya ji sauƙi, ba shakka. Manomi da mai kiwo kuwa kasuwarsu mafi tsoka aka datse, don Bamako da Wagadugu ba su ne masu sayen ragon Maraɗi ba. Ficewa ta ba Yamai ƴancin yin irin wannan ba tare da ta yi wa kowa bayani ba. Ita ma Abuja ta samu irin ƴancin.

## Abin da zai taɓa aljihu

Harajin kashi 0,5 cikin ɗari da AES ta sa a ƙarshen Maris 2025 a kan kayan da ke shigowa daga waje ya tayar da ƙura fiye da girmansa. Daidai yake da wanda ake karɓar wa CEDEAO a da, asusun ne ya canza. A kayan jika ɗari, dala ɗari ce, wato sefa 500. Abin da ya fi shi cizo nesa ba kusa ba shi ne rufe gadar Gaya da Malanbil da ke iyakar Benin, wanda shawarar Yamai ce kan tsaro, ba sharaɗin ficewa ba. Kayan da ke zuwa daga Kwatano a da, yanzu sai sun zagayo ta Lome da Burkina da Tera cikin rakiyar sojoji, Maraɗi kuma tana can ƙarshen layin. Haka faɗuwar naira da cire tallafin mai a Najeriya a 2023 sun fi ficewar tasiri a teburin ɗan canji da na mai sayar da mai a kwalba. Ba komai ne laifin ficewa ba, ba komai ne kuma amfaninta ba.

Fasfon AES ya fara fita a Janairu 2025, tsohon kuma na aiki har ya ƙare. Ɗalibin da ke karatu a Sakkwato, da mai shayi ko mai gadi a Legas, da majinyacin da ake kaiwa asibiti a Kano, su ne ya kamata su riƙa tafiya da cikakkun takardu, domin jami'in da ke neman dalili yanzu ya samu ɗaya.

Akwai sauran igiyoyi da ba su tsinke ba. Yarjejeniyar ciniki ta nahiyar Afirka, wadda aka ƙaddamar da aikinta a Yamai a Yuli 2019, ta haɗa mu da Najeriya, sai dai har yanzu rarrafe take, kuma ba ta ba da haƙƙin zama. Wadda ta fi kusa da hannu ita ce hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971, mai ofishi a Yamai, wadda a ƙarƙashinta aka daɗe ana maganar hanyar Kano, Katsina, Maraɗi. Bayan zargin da Janar Tiani ya yi wa Najeriya da Hausa a Disamba 2024, wanda Abuja ta musanta, ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya zo Yamai a Afrilu 2025 ya zauna da takwaransa na Nijar Bakary Yaou Sangaré, suka amince a farfaɗo da ita.

Aikin da ke gabanta ba kaɗan ba ne. Najeriya na shimfiɗa layin dogo na kimanin kilomita 284 daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, lokacin da ƙasashen biyu ke ƙarƙashin tsarin duwan ɗaya. An tsara shi ne don kayan Nijar su riƙa bi ta tashoshin ruwan Legas. Kafin taragon farko ya iso, sai an rubuta ko waken Maraɗi zai shiga Jibiya a matsayin kayan gida ko na baƙo, wane inshora ne zai rufe motar da ta ɗauko kaya daga tasha, kwana nawa fasinja zai yi a Kano ba takardar zama, kuma wa za a kai wa ƙara ranar da ɗaya ɓangaren ya wayi gari ya sa kwaɗo.